Ba Dutse Ne Ke Hana Mai Keken Guragu Hawa Ba

Duk lokacin da aka tayar da maganar haƙƙin masu amfani da keken guragu na zuwa yawon buɗe ido a yankunan tsaunuka da tafkuna, amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin jama'a ita ce, ai dutse dutse ne, haka aka halicce shi, kuma babu mai iya baje shi domin keke ya wuce. Maganar tana kama da gaskiya, shi ya sa take rufe bakin mutane da yawa. Ni dai ban gamsu da ita ba, domin da yawa daga cikin masu ziyartar ƙololuwar tsaunukan da suka yi suna a duniya ba da ƙafa suke hawa ba. Jirgin ƙasa ne ke kai su, ko motar igiya da ke rataye a sama, ko bas da ke bin hanyar da aka sassaƙa a jikin dutse, kuma idan sun isa can sukan tarar da gidan abinci da dandamalin kallo da makewayi. Duk waɗannan abubuwa hannun ɗan'adam ne ya gina su, da kuɗi da lissafi da shawara, kuma a wajen wannan shawara ne aka yanke wanda zai iya shiga da wanda za a bari a gindin dutse yana jiran 'yan'uwansa su sauko su nuna masa hotuna.

Ƙasar Suwizalan ta isa misali. A 1871 aka buɗe layin dogo mai haƙora da ke hawa dutsen Rigi daga garin Vitznau a bakin tafkin Lucerne, wanda shi ne irinsa na farko a Turai. A 1896 aka fara aikin layin Jungfrau, aka shafe shekara 16 ana huda duwatsun Eiger da Mönch, aka haƙa rami mai tsawon kusan kilomita 7, har aka buɗe tashar Jungfraujoch a 1912, a tsayin mita 3,454 daga doron teku. A yau mai keken guragu yana iya isa wannan tasha, musamman tun da aka buɗe motar igiya ta Eiger Express daga Grindelwald a Disamban 2020, kuma idan ya isa akwai lifta da ke ɗaga shi zuwa dandamalin kallo. To, al'ummar da ta iya huda dutse fiye da shekara 100 da suka wuce domin masu yawon buɗe ido su ga ƙanƙara, ba za ta ce hawa uku na matakala a ƙofar otal, ko taku ɗaya tsakanin dandamali da taragon jirgi, ikon halitta ne da ya fi ƙarfinta ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan lamari shi ne, sau da yawa ƙololuwar dutsen ta fi sauƙin isa a kan ƙaramar tashar bas da ke ƙauyen da ke gindinsa.

Akwai masu ganin cewa yawon shaƙatawa ba shi ne abin da ya kamata a fara damuwa da shi ba, tunda akwai asibiti da makaranta da wurin aiki da har yanzu ba a gama gyara su ba. Na yarda cewa waɗannan suna gaba, amma ban yarda cewa sai an gama su kafin a taɓa wancan ba, domin tunanin da ke cewa naƙasasshe ya gode idan ya samu hanyar asibiti, kada ya nemi ta bakin tafki, shi ne tunanin da ke ɗaukarsa a matsayin majinyaci har abada. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a 2006 kuma ta fara aiki a 2008, ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Sashe na 9 ya yi magana a kan samun damar shiga gine-gine da ababen sufuri, sashe na 30 kuma ya ambaci wuraren wasanni da na shaƙatawa da na yawon buɗe ido da sunansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri, kuma kimanin mutum miliyan 80 suna buƙatar keken guragu. A cikinsu akwai wanda cutar shan inna ta kama yana yaro, da wanda ya samu rauni a laka a hatsarin mota, da tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, kuma kusan kowannensu yana da iyali da ba za su tafi su bar shi ba.

Abin da masu tsara yawon buɗe ido suka fi kasa fahimta shi ne, tafiya ba wuri ɗaya ba ce. Matakai ne da ke biye da juna tun daga ƙofar gida, kuma idan ɗaya ya gagara, sauran duk sun tashi a banza. Mutum zai hau jirgin sama, a karɓi kekensa a sa shi cikin kaya, kuma alƙaluman ma'aikatar sufuri ta Amurka sun nuna cewa kamfanonin jiragen ƙasar kan lalata ko su ɓatar da kekuna da baburan naƙasassu fiye da 10,000 a shekara. Keken da aka ƙera daidai da jikin mai shi, da matashin da ke kare shi daga gyambon zama, ba abu ne da za a maye gurbinsa da na haya a filin jirgi ba. Idan keken ya tsira, sai a zo kan jirgin ƙasa, sannan bas, sannan otal ɗin da ya yi alkawarin ɗaki mai sauƙin shiga amma ƙofar banɗakinsa ba ta kai faɗin keken ba.

Wanda bai taɓa tura keke ba ba zai gane yadda ƙaramin abu ke zama babba ba. Ƙafafun gaba na keken guragu ƙanana ne, kuma idan suka shiga tsakuwar da ba a daddale ba sai su nutse, keken ya tsaya cak, mai shi ya karkata gaba kamar zai zube. Hanyar da ke bin gefen tafki tana iya zama shimfiɗaɗɗiya a ido, amma idan an ɗan karkatar da ita zuwa ɓangaren ruwa domin ruwan sama ya gangara, mai keken zai yi ta tura ƙafa ɗaya da ƙarfi fiye da ɗayar, kafin ya yi kilomita guda kafaɗarsa ta gaji. Shi ya sa ƙa'idojin gini suke da tsauri a kan gangare. A Amurka ba a yarda gangaren hawa ya wuce taku ɗaya na tsayi a cikin taku 12 na tsawo ba, a Jamus da Suwizalan kuwa kashi 6 cikin 100 ne ma'aunin da aka saba da shi. Keken da ke aiki da batir yana iya haura kilo 100 shi kaɗai, don haka maganar “za mu ɗaga ka” da ma'aikata masu kyakkyawar niyya kan yi ba mafita ba ce, hatsari ne ga mai keken da kuma bayan masu ɗagawa. Ga kuma sanyin tsauni, wanda ya fi cutar da masu raunin laka saboda jikin da yawa daga cikinsu ba ya daidaita zafi da sanyi yadda ya kamata, ta yadda jiran rabin awa a waje kafin a nemo makullin lifta ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Suwizalan ta yi doka a kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2004, ta kuma ba kamfanonin sufurin jama'a shekara 20 su gyara tashoshinsu da motocinsu. Wa'adin ya cika a ƙarshen 2023, kuma ya cika ne alhali ɗaruruwan tashoshin jirgin ƙasa ba a gyara su ba, tashoshin bas kuwa sun fi haka zama a baya. Wannan ƙasa ce mai arziki, wadda ake buga misali da tsarin jiragenta, kuma ban kawo ta nan don in ƙasƙantar da abin da ta yi ba, domin ta yi fiye da ƙasashe da yawa. Na kawo ta ne domin a ga cewa dogon wa'adi ba tare da matakai na tsakiya da hukunci ba, gayyata ce ga jinkiri. Inda ba a gyara ba, sai aka koma ga taimakon ma'aikata da motocin da ke ɗaukar fasinja zuwa wata tasha, kuma duk wannan yana buƙatar a sanar tun da wuri. A jiragen ƙasa na cikin gida a Suwizalan ana neman a kira aƙalla awa ɗaya kafin tashi, a Tarayyar Turai kuma dokar da ta fara aiki a Yunin 2023 ta rage lokacin sanarwa daga awa 48 zuwa 24.

A nan ne nake ganin yankin tsaunuka ya bambanta da birni, kuma a nan ne sharaɗin sanarwa ya fi ciwo. Gidan tarihi da ke birni yana nan gobe yadda yake yau, amma tsauni yanayi ne ke mulkinsa. Mutum yana iya kwana uku a gindin dutse hazo ya rufe komai, sannan wata safiya sama ta washe na 'yan awanni kafin gajimare ya dawo. Mai ƙafa zai leƙa taga, ya ɗauki rigar sanyi, ya kama jirgin da ke tashi nan da minti goma. Mai keke kuwa sai ya kira waya, ya jira a tabbatar masa, kuma idan ya hau dole ya faɗi tun farko jirgin da zai dawo da shi, ko da wurin ya yi masa daɗi yana so ya ƙara zama, ko kuma sanyi ya dame shi yana so ya sauko da wuri. Sun biya kuɗin tikiti iri ɗaya, amma ɗaya ya sayi 'yancin canza shawara, ɗayan bai samu ba. Saboda haka nake ganin taimakon ma'aikata abu ne mai kyau da bai kamata a raina ba, amma kada a lissafa shi a matsayin an warware matsala. Tarago mai ƙasan da ya yi daidai da dandamali, wanda ke miƙo ɗan ƙarfe ya rufe ratar da ke tsakani, shi ne ke ba mutum damar shiga ba tare da ya roƙi kowa ba.

Tafki kuwa, a ganina, shi ne babbar damar da irin waɗannan yankuna suke da ita, domin daga kan jirgin ruwa ana ganin tsaunuka ba tare da an hau ko taku ɗaya ba. Sai dai a nan ma akwai abin lura. A tafkunan Lucerne da Geneva har yanzu ana aiki da tsofaffin jiragen tururi, wasu sun haura shekara 100, kuma hawansu na sama, inda kallo ya fi daɗi, matakala ce ke kai wa gare shi. Ba na kiran a lalata waɗannan jirage, amma ya kamata a tabbatar da cewa hawan ƙasa yana da wurin zama a waje da makewayin da keke zai shiga, sannan jadawali ya nuna a fili wane jirgi ne zai yi wace tafiya. Haka kuma ruwan tafki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tafkin Constance, wanda Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka kewaye, yakan cika a farkon bazara idan ƙanƙarar tsaunukan Alps ta narke, ya kuma ja baya a lokacin sanyi, don haka gadar shiga jirgi da ta kwanta lafiya a wani wata tana iya miƙewa tsaye a wani watan. Matsaya mai shawagi da ke hawa da sauka tare da ruwa tana rage wannan matsala, kuma ba sabuwar fasaha ba ce.

Hujjar da na fi ɗauka da muhimmanci a cikin na masu adawa ita ce ta kare muhalli. A yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, wanda ya zama gandun ƙasa, wato yankin da doka ta kare, a 1951 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2017, guguwar Desmond ta Disamban 2015 ta lalata hanyar da ke bin tsohon layin dogo tsakanin Keswick da Threlkeld, ta kuma karya gadoji. Da aka zo sake gina ta, hukumar gandun ta zaɓi ta shimfiɗa kwalta, mutanen yankin da yawa kuma suka ƙi, suna cewa za a mayar da daji birni, har majalisar garin Keswick ta bayyana rashin amincewarta da hukumar. An buɗe hanyar mai tsawon kimanin kilomita 5 a Disamban 2020, da kwaltarta. Na fahimci tsoron masu adawa, domin wanda ke son wuri yana tsoron a canza masa kama, kuma gaskiya ne cewa akwai hukumomin da ke fakewa da sunan naƙasassu su yi abin da tun farko suke so su yi domin kuɗi. Amma a wannan karon ina bayan hukumar, saboda hanyar tsohon layin dogo ce, injiniyoyi ne suka sassaƙa ta tun a ƙarni na 19, da ramuka da gadoji, ba sawun namun daji ba ce. Idan akwai wurin da ya dace mai keke ya yi tafiyar kilomita biyar a gefen kogi cikin itatuwa ba tare da an tura shi ba, to irin wannan ne.

Ba na kiran a yi wa kowane tsauni kwalta, kuma ban taɓa jin masu keke suna neman haka ba. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta shata iyaka mai ma'ana a kan dazuzzukan da aka keɓe daga gine-gine: ba a hana mai keken guragu shiga, amma ba a tilasta wa hukuma ta gina masa hanya ba. Ga wanda ke son shiga irin waɗannan wurare akwai kayan aiki, kamar kujerar Joëlette mai ƙafa ɗaya da aka ƙirƙira a Faransa, wadda mutum biyu ke riƙewa gaba da baya su bi siririyar hanyar dutse, da kuma kekunan batir masu manyan tayoyi da wasu gandaye ke bayarwa haya. Ƙa'idar da nake karewa mai sauƙi ce. Inda aka bar halitta yadda take, kowa ya shiga gwargwadon ƙarfinsa, amma inda aka riga aka zuba siminti aka ɗaura igiya aka sa mai karɓar kuɗin tikiti, an bar maganar halitta an shiga maganar hidima ga jama'a, kuma jama'a sun haɗa da masu keke.

Akwai kuma gyaran da ba ya buƙatar siminti ko kaɗan, wato faɗin gaskiya. Alamar keken guragu da ake liƙawa a shafin intanet na otal ko na motar igiya ba ta gaya wa kowa komai, domin abin da matashi mai ƙarfin hannu zai haye da keke marar nauyi ba shi ne dattijo mai keken batir zai iya ba. Abin da matafiyi ke buƙata shi ne awo: faɗin ƙofa santimita nawa ne, tsayin gado nawa ne, akwai dakali a wurin wanka ko babu, gangaren hanya kashi nawa ne kuma tsawonsa mita nawa, ɗakin motar igiya zai ɗauki kilo nawa. Hukumar gandun tafkunan Ingila tana da tsarin hanyoyi da ta kira Miles without Stiles, inda take rarraba hanyoyin zuwa waɗanda kowa zai iya, da waɗanda mutane da yawa za su iya, da waɗanda wasu ne kawai za su iya, gwargwadon gangare da irin daɓen ƙasa. Taswirar Wheelmap da Raúl Krauthausen da abokan aikinsa suka fara a Berlin a 2010 ta ba masu keke damar su riƙa yi wa wurare maki da kansu. Wurin da ya ce a fili “ba za a iya shiga da keke ba” ya fi mutunta matafiyi a kan wanda ya ce “babu matsala” sannan aka iso aka tarar da matakala, domin na farko ya ɓata masa rai ne kawai, na biyu kuwa ya ɓata masa kuɗi da hutu da kwanakin iyalinsa.

Makewayi shi ne abin da ake jin kunyar ambata, kuma shi ne ke yanke tsawon yini. Mutumin da bai san inda zai kama ruwa ba yakan daina shan ruwa tun safe, ko ya taƙaita fitarsa zuwa awa biyu. Ga masu naƙasa mai tsanani, makewayin naƙasassu na yau da kullum ma bai isa ba, sai wanda ke da na'urar ɗaga mutum da gadon canza tufafi na babba, irin wanda gangamin Changing Places ya fara nema a Birtaniya a 2006, kuma tun 2021 Ingila ta wajabta shi a manyan sababbin gine-ginen jama'a. Guda ɗaya irin wannan a babbar matsayar jirgin ruwa ko a tashar gindin dutse yana buɗe yanki gaba ɗaya ga iyalan da a da ba sa ko tunanin zuwa.

Za a ce duk wannan kuɗi ne, kuma ƙananan kamfanonin da ke tafiyar da motocin igiya a ƙauyukan tsauni ba su da aljihun manyan kamfanoni. Haka ne, shi ya sa dokoki irin na Suwizalan suka bar damar a auna tsadar gyara da amfaninsa. Amma wannan dama ta zama wurin ɓuya idan kamfanin ne kaɗai ke yin awon, ba tare da an zauna da ƙungiyoyin masu keke ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ne za su nuna cewa liftar da aka kashe mata kuɗi mai yawa tana buɗewa ne a kan tsakuwa, ko su tambayi yadda za a sauko da mai keke idan motar igiya ta tsaya a tsakiyar hanya, tambayar da dole a amsa ta da horar da ma'aikata, ba da hana shi hawa ba. Tsadar ma ta dogara ne da lokacin da aka yi tunanin abin. Tarago da jirgin ruwa da motar igiya kan yi shekara 30 ko 40 suna aiki, kuma faɗaɗa ƙofa ko daidaita ƙasa da dandamali a kan takardar zane ba ya kai ko kusa da kuɗin fasa ginin da aka gama. Saboda haka wurin da ya kamata hukumomi su tsaya da ƙarfi shi ne ranar da kamfani ya zo neman sabunta lasisi, ko tallafin gwamnati, ko izinin sauya tsofaffin motocinsa. A wannan rana ce ya kamata a ce masa ba za a sa hannu ba sai zanen ya nuna yadda mai keke zai fito daga tashar jirgi, ya shiga, ya hau, ya kewaya, ya kama ruwa, ya kuma sauko a lokacin da shi da kansa ya ga dama.